Barde da Dokinsa: Labarin Waziri Ahmadu Mai Shahada

Jama'a masu sauraronmu, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu na Rano da Kibiya, da na Rurum da Tarai da sauran garuruwan da muryar wannan shiri ke kaiwa, a daren nan, in Allah ya yarda, zancenmu a kan barde ne, wato mayaƙin da ke yaƙi a bisa doki, yadda ake renonsa, da yadda yake hidima, da yadda ajalinsa ke riskarsa. Kuma domin kada magana ta tashi a iska, mun ɗauki mutum guda sananne mu bi sawunsa, shi ne Waziri Ahmadu na Kano, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda Kanawa ke yi wa laƙabi da Mai Shahada, wanda ya faɗi a Kwatarkwashi a ƙarshen watan Fabrairu na 1903, daidai da ƙarshen Zulƙida na shekara ta 1320 bayan Hijira.

La'alla wani ya ce, ina ruwan mutumin Kibiya da wazirin birni wanda ya kwanta dama can a ƙasar Zamfara? Amsa ita ce, a duk faɗin ƙasar Kano babu yankin da ya san amfanin barde da tsadarsa kamar wannan kudanci namu. A nan kusa da mu, a Burum-Burum, aka kashe Sarki Alwali, na ƙarshen sarakunan Haɓe na Kano, a 1807, bayan da jama'ar Shehu Usmanu suka fitar da shi daga birni. Kuma tun daga wajen 1846, lokacin da Malam Hamza da almajiransa suka bar Tsakuwa saboda saɓani da hukuma suka shige duwatsun Ningi, har zuwa ƙarshen wancan ƙarni, kudancin Kano bai yi barci da ido biyu ba, domin kusan kowane rani sai Ningawa sun sauko, sun ƙone rumbuna, sun kore shanu, sun kama mutane, sun koma cikin duwatsun da doki ba ya iya binsu. Ganuwar da kakanninmu suka gina da hannuwansu, wadda yau yara ke kiwon awaki a kan kufanta, saboda wannan aka yi ta gyaranta. Kuma Sarkin Rano, Autan Bawo, yana cikin manyan sarakunan ƙasa waɗanda ke riƙe da dawaki da baradensu, in Sarkin Kano ya yi kira su amsa da tutarsu. Zaman irin waɗannan garuruwa na bakin iyaka shi malamai ke kira ribaɗi, kuma a littattafan fiƙihu ibada ne mai lada.

Kafin mu kai ga mutumin, bari mu tsaya a wurin dokin, domin wanda bai san abin da doki ke ci ba, ba zai gane sarautar wancan zamani ba. Ingarman yaƙi ba ya kiwo a daji kamar saniya. A turke yake, cikin barga, ana kai masa dawa ko gero safe da yamma, da harawa da dusa, a jiƙa masa kanwa a kan kari, a share masa turke, a goge masa jiki, a duba kofatonsa, da la'asar kuma a fita da shi kilisa domin kada jini ya kwanta masa. Kowane doki yana da yaron da ba shi da wani aiki sai yankan ciyawa, wanda zai fita tun da asuba da lauje, ya komo da dami a ka kafin hantsi. In damina ta kankama sai a ƙara tsaro, domin ƙuda da tsando na bakin rafuka suna kashe doki, abin da ya sa ƙasashen kurmi ba su taɓa zama na barade ba, kuma ya sa akasarin yaƙe-yaƙe da rani ake yinsu, bayan an kai amfanin gona gida, ƙasa ta bushe, rafuka sun janye. Dawakin ƙwarai daga Azbin da Barno ake kawo su, kuma sau da yawa kuɗin ɗaya ya ninka na bawa. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa Sarki na iya tara mahaya 7,000 da dakaru fiye da 20,000. To, mai sauraro, ka auna da kanka damin dawa nawa dawaki 7,000 za su ci a shekara, sannan ka tambayi kanka daga gonar wa dawar ta fito. Daga gonar talaka ta fito, ta hanyar zakka da kuɗin ƙasa da gaisuwa. Manomi shi ke ciyar da dokin da ke tsaronsa, kuma gaskiya ba ta ɓuya, wani lokaci dokin nan shi ke tattake masa gero.

Su kansu baraden iri biyu ne. Akwai masu sauƙin kaya, masu garkuwa ta fata da mashi da takobi, su ne masu kai hari da bin sawu da kewaye abokan gaba. Akwai kuma 'yan lifidi, waɗanda su ne katangar Sarki, kuma littafin Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da kwalkwali da sulke ga zamanin Sarki Kananeji, fiye da shekara 600 ke nan. Shirya ɗan lifidi aiki ne na mutum biyu ko uku. Za a fara ɗora wa doki zubuka da sirdi, a ja majayi, a sa linzami, sannan a lulluɓe shi da lifidi, wato rigar da aka cusa wa auduga aka ɗinke gida-gida, tun daga wuya har gwiwa, ba abin da ake gani sai idanu da ƙafafu. Shi kuma mahayin ya sa sulke na zoben ƙarfe a ciki, ya ɗora nasa lifidin a kai, a kafa masa kwalkwali mai gashin jimina, sannan zagage su tallafe shi su ɗora a kan sirdi, su zura masa ƙafa a likkafa, su miƙa masa mashi. Kibiya mai dafi in ta same shi sai ta maƙale a cikin audugar, ba ta kai ga fata ba. Amma kayan nan suna da aibi uku waɗanda kowane barde ya sani: zafi, da wuta, da faɗuwa, domin ɗan lifidi in ya faɗo ƙasa ya zama kamar kunkurun da aka kifar, ba ya tashi sai an tashe shi. Saboda haka ba ya tafiya sai da zagage a gefe, kuma ransa yana hannun bayin da ba a ambaton sunansu a kirari.

A cikin irin wannan duniya aka haifi Ahmadu. Kakansa shi ne Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819 ya kafa gidan da ke sarautar Kano har yau. Mahaifinsa Abdullahi ya hau a 1855, ya yi fiye da shekara 25 a kan gado, kuma babban abin da ya sha masa kai a mulkinsa shi ne yaƙin Ningi. Allah ya azurta Abdullahi da 'ya'ya masu yawa ƙwarai, kuma ɗan sarki na wancan zamani abu biyu ake ɗora shi a kai tun yana ƙarami, allo da sirdi: da safe yana gaban malami yana biya karatu, in ya sauke Alƙur'ani ya shiga Ahalari da Ishmawi da Risala, da yamma kuma yana bayan doki yana koyon sukuwa da zamiya da jifan mashi. Ku riƙe wannan karatun a zuciya, domin za mu bukace shi in mun isa Kwatarkwashi.

Da Abdullahi ya rasu a Karofi a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, sarauta ta koma ga ɗan'uwansa Muhammadu Bello, shi kuwa ya yi ta tuɓe 'ya'yan Abdullahi daga muƙamansu yana share wa ɗansa Tukur hanya. Bello ya rasu a ƙarshen 1893, sai Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umarni a naɗa Tukur, alhali kuwa zukatan akasarin masu sarauta da bayin Sarki suna wajen Yusufu ɗan Abdullahi, wanda ya taɓa riƙe Galadima. Yusufu da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka kafa sansani a Takai, garuruwa suka rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa, aka shiga abin da har yau in Bakano ya ce Basasa, ba ya bukatar ya ƙara bayani. Yusufu ya rasu a Garko a 1894 kafin ya ga nasara, jama'arsa suka yi wa ƙanensa Aliyu mubaya'a, wanda aka fi sani da Alu, saboda mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, ana fatan wannan dangantaka ta tausasa zuciyar Sakkwato. A cikin shekarar suka shiga birni da ƙarfin doki, Tukur ya fita, aka bi shi har Tafashiya inda aka yi masa raunin da ya zama ajalinsa a 1895. Ba na son in wuce wannan wuri ba tare da na faɗi abin da ke raina ba: yaƙin da ya ɗaukaka Ahmadu da 'yan'uwansa yaƙi ne tsakanin jikokin mutum guda, Musulmi da Musulmi, an ƙone garuruwa, an bautar da 'ya'ya, kuma ƙarfin da aka ɓarnatar a cikinsa shi aka nema aka rasa bayan shekara takwas.

Da Alu ya zauna daram, sai ya naɗa yayansa Ahmadu Waziri, ya ɗora shi bisa sauran hakimai, ya ba wani ɗan'uwansu, Abbas, sarautar Wambai. Shekarun da suka biyo baya ba na hutu ba ne. Daga kudu ga Ɗan Yaya na Ningi, daga arewa ga Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga, wanda ya shigo ƙasar Kano da bindigogi da igwa, har sunayen Gezawa da Tattarawa suka shiga bakin mawaƙa. Ke nan Waziri da baradensa sun san ƙarar bindiga, sun san warin albarushi, Sarki Alu kansa yana da rundunar 'yan bindiga daga cikin bayinsa. Sai dai bindigar da suka sani ita ce wadda ake ɗurawa ta baki, a harba sau ɗaya a tsaya ɗuri. Kuma dabarar barde a kanta sananniya ce, wato ya jure harbin farko, ya saki linzami, ya isa kan maharbin kafin ya gama ɗuri na biyu. A kan wannan ɗan lokaci da ke tsakanin harbi da harbi aka gina dukan martabar doki a fagen fama.

Labarin Nasara kuwa bai zo musu ba zato ba. Alhazai da fatake sun kawo labarin Omdurman, inda a 1898 aka karkashe dubban mayaƙan Mahadi a wuni guda. An ji Faransawa sun kashe Sarkin Damagaram a 1899, sun kashe Rabe a 1900. An ji faɗuwar Bida da Kontagora da Yola a 1901, da Bauci a 1902, ga kuma sojan Ingila sun zauna a Zariya. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa, Gwamna Lugga kuwa ya sami hujjar da yake nema. A watan nan ne kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu aka naɗa Attahiru, saboda haka da aka sha ruwa aka yi ƙaramar salla, a farkon Janairu na 1903, Alu ya ɗauki Waziri da Wambai da mafi yawan dawakin Kano ya nufi Sakkwato domin mubaya'a.

Suna can, Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairu da sojan da ba su kai dubu ba, da igwa huɗu da bindigogi masu ruwa huɗu. Hanyarsu ta bi ta maƙwabciyarmu Bebeji, mutanen garin suka rufe ƙofa suka ƙi buɗewa, aka fasa ta da igwa, aka kashe sarkin garin da jama'a da dama. Garuruwan da ke gaba da suka ji abin da ya faru, ba wanda ya sake gwadawa. Ranar 3 ga Fabrairu aka fasa Ƙofar Kabuga, Sarkin Shanu, bawan da aka bar wa tsaron gida, ya yi yaƙi har ya faɗi, birnin Dabo ya shiga hannun Nasara alhali Sarkinsa da baradensa suna nesa.

Labari ya riski ayarin Sarki a kan hanyar komowa. A Birnin Goga, kusa da Ƙauran Namoda, aka kwana da Sarki aka wayi gari babu shi, ya fita cikin dare da 'yan mutane kaɗan ya yi arewa. Ku dubi halin da jama'ar nan suka tsinci kansu: dubban mutane a tsakiyar ƙasar da ba tasu ba, gidajensu da matansu da 'ya'yansu suna hannun abokan gaba, shugaban da suka yi wa mubaya'a ya tafi bai bar wasiyya ba. A nan ne 'ya'yan mutum guda uku suka rabu hanya uku. Alu ya zaɓi fita. Wambai Abbas ya ga cewa abin da ya fi maslaha shi ne a koma gida a nemi aminci, jama'a mai yawa ta bi shi. Waziri Ahmadu kuwa ya ɗauki tuta, ya ce Kano za shi, kuma wanda ya tare masa hanya sai dai takobi ya raba su.

Kada mai sauraro ya ɗauka cewa wannan rabuwa ta jarumi da matsoraci ce kawai, domin mas'ala ce ta ilimi wadda malaman daular Sakkwato suka yi ta muhawara a kanta a shekarun nan. Idan kafirai suka rinjayi ƙasar Musulmi, mene ne wajibi? Wasu suka ce yaƙi har a ƙare. Wasu suka ce hijira, suna kafa hujja da Shehu Usmanu kansa, wanda ya yi hijira zuwa Gudu a 1804 kuma ya wallafa littafi a kan wajabcinta. Wannan ita ce hanyar da Sarkin Musulmi Attahiru ya bi bayan an ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mabiyansa. Wasu kuma suka ce larura tana halatta a yi mu'amala da su a zahiri, zuciya tana ƙi, domin kada a bar raunana ba mai tsaya musu, kada masallatai da makarantu su zama kufai. Wannan ita ce hanyar Wazirin Sakkwato Buhari, wanda ya rubuta risala ga ma'abota ilimi yana bayyana uzurinsa, kuma ita ce hanyar Abbas. Kowane ɗaya yana da nassi da ƙiyasi a hannunsa. In da wanda uzurinsa ya fi wuyar karɓa a wurina, to Alu ne, ba don ya fita ba, sai don ya fita bai sallami jama'ar da ke wuyansa ba. Amma shi ma malami ne mai rubuce-rubuce, kuma hisabinsa yana wurin Wanda ya san abin da zukata suka ɓoye.

Waziri da waɗanda suka bi shi suka kama hanya, har suka iso kusa da babban dutsen nan na Kwatarkwashi, wanda matafiyi ke hangowa daf da Gusau. A nan suka yi kiciɓis da wata 'yar ƙungiyar sojan doki da aka aiko leƙen hanya, ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright. Rahoton Turawa ya ce shi da hafsa ɗaya ne da soja 44, ya ce Kanawa mahaya 1,000 ne da dakaru 2,000, ya ce an yi sa'a biyu ana gwabzawa. Adadin Kanawan daga alƙalamin wanda ya ci nasara ya fito, kuma mai ƙidaya abokan gaba cikin ƙura ba ya yin rowa. Amma ko an rage rabi, bambancin yana da ban tsoro. Abin da sojan nan suka yi shi ne, suka sauka daga kan dawakinsu, suka tara su a tsakiya, suka yi sahu mai kusurwa huɗu kowa yana fuskantar waje, suka jira. Barade suka yi kabbara suka saki linzami. Aka yi musu harbin farko suka jure, kamar yadda suka saba, suna jiran ɗan lokacin nan na ɗuri. Sai na biyu ya biyo, na uku ya biyo, domin bindigar da ke hannun sojan ba ta bukatar dogon ɗuri, kuma lifidin da ke tare kibiya ba ya tare harsashi. Dawakin gaba suka zube, na baya suka yi tuntuɓe da su. Suka ja da baya, suka sake shiri, suka sake zuwa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A cikin haka Waziri Ahmadu ya faɗi tare da wasu manyan hakimai, sauran suka janye, kuma shi kansa rahoton Turawan ya shaida cewa cikin tsari suka janye, ba a warwatse ba. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ran nan maganar ba ta ci ba.

Akwai masu cewa wannan ganganci ne, mutum ya ga wuta ya faɗa. Ni ban yarda ba, kuma ga dalilina. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu ya san cewa juya baya ranar gamuwa yana cikin manyan kaba'irai, kuma ba a yi rangwame a kansa ba sai idan abokan gaba sun wuce ninki biyu na Musulmi. To, barden da aka rena a kan wannan karatu, ya ɗaga ido ya ga mutum arba'in da 'yan kai a gabansa, shi kuwa yana da dubbai a bayansa, da wane baki zai ce a juya? Haƙiƙa wasu daga cikin malaman Malikiyya sun ce abin lura a wannan ninki shi ne ƙarfi da kayan yaƙi, ba ƙidayar kawuna kaɗai ba, kuma da an auna da wannan ma'auni, da mutum 44 ɗin nan sun fi ninki biyu nesa ba kusa ba. Amma wannan awo ne da ba wanda ya iya yinsa a ƙasar Kano kafin ran nan, domin jin labari daban, gani daban. Da jinin Waziri da na mutanensa aka koyi lissafin.

Wani abin lura kuma shi ne, ɓangarorin nan biyu duka a kan doki suka zo. Bambancin shi ne, a wurin Waziri doki makami ne, da ƙirjinsa ake fasa sahu. A wurin Wright kuwa abin hawa ne kawai, ya kai ka wurin faɗa da sauri, ka sauka ka yi harbi a ƙasa. Irin wannan soja Ingila ta yi ta amfani da su a wancan zamani, kuma waɗanda suka fi shahara a cikinsu mutanen Ostireliya ne, 'ya'yan makiyaya da manoma da suka tashi a kan sirdi. Abin mamaki, ranar da aka fi tuna su da ita, ita ce ranar da suka saɓa wa ka'idarsu suka yi irin ta Waziri: ranar 31 ga Oktoba 1917, a Bi'ir Saba da ke kudancin Falasɗinu, kimanin mahaya 800 suka yi sukuwa kan ramukan sojan Turkiyya da wuƙar bindiga a hannu, domin su kai ga rijiyoyin garin kafin dare, suka kuwa ci nasara, aka kashe musu mutum 31. Amma su suna da igwa a bayansu tana rufe bakin bindigogin abokan gaba, ga magariba ta kawo jiki, ga Turkawa sun zaci za su sauka kamar kullum. Waziri ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kuma ko a can ɗin, nasarar ba ta hana zamanin doki wucewa ba: daga cikin dawaki kimanin 136,000 da Ostireliya ta aika Yaƙin Duniya na Ɗaya, guda ɗaya tak aka mayar gida.

Sa'an nan akwai maganar da ba a cika son faɗa ba. Turawa biyu ne kawai a cikin sahun nan. Sauran 44 baƙaƙen fata ne, sojan rundunar da Lugga ya kafa tun 1897, wadda Hausawa suka yi yawa a cikinta, waɗansunsu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, waɗansu kuma talauci ya kai su neman albashi. Mai yiwuwa ne ƙwarai wanda ya harbi Waziri da Hausa yake mafarki. An ba Wright lambar Victoria Cross, wadda ita ce mafi girman lambar jarumta a Ingila, ya kai muƙamin birgediya, ya shiga majalisar dokokin ƙasarsu, ya rayu har 1953. Waziri ya sami laƙabinsa a bakin Kanawa. Amma sojan nan 44, da zagagen da suka mutu riƙe da linzami, da dakarun ƙauye da aka taso daga gonakinsu domin rakiyar Sarki, waɗanda babu mamaki akwai na wannan yanki namu a cikinsu, ba a yi musu lamba ba, ba a yi musu kirari ba. Saboda haka ina roƙon dattawanmu na Rano da Kibiya, duk wanda ya ji daga kakansa cewa wani nasu ya bi Sarki Alu Sakkwato, ko ya tsaya a ganuwa zamanin Ningawa, ya zaunar da jikokinsa masu boko su rubuta, da sunan mutumin da na garinsa da na ubangidansa; kuma in akwai tsohon sulke ko likkafa ko takobi a ɗaki, kada a sayar wa dillalan kayan tarihi a kan kuɗin cefane.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Wambai Abbas ya iso Kano da jama'arsa a watan Maris, Lugga ya tabbatar masa da sarauta a farkon Afrilu, ya yi mulki har 1919. An kama Alu a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga nan aka mai da shi Lokoja. Hare-haren Ningi suka ƙare, mutane suka fara fita daga cikin ganuwa suna kafa gidaje a gonakinsu, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, lifidi da kwalkwali kuwa suka koma kayan hawan salla da na tarbar manyan baƙi, kamar hawan da aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925. Bayan Abbas, wani ɗan Maje Karofin ne ya hau, wato Sarki Usmanu, ya rasu a 1926, kuma a shekarar nan ce Alu ya rasu a Lokoja, sarauta ta koma ga Abdullahi Bayero ɗan Abbas.

Jama'a, lokacin da aka ba mu ya cika. Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, ya gafarta musu.